Filin Bayan Gidan Yaya

Bayan na fita takaba aka raba gidanmu na Gwandu. Gidan gado ne tun na kakannin maigidana, magada kuma sun yi yawa, abin da ya faɗo mini da 'ya'yana bai wuce ɗaki biyu da gefen rumbu ba. Ƙanen maigidan ya ce zai saya ya haɗa da nasa, na ce ya saya. Ba wanda ya kore ni. Ina so a san wannan, don har yau akwai masu faɗin haka a gidajen biki. Ni na ɗaure kayana da hannuna, saboda ina da inda zan je.

Yayata tana Kalgo. Mu biyu muka rage a ɗakin uwarmu. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kitson farko, ita kuma ta fara dukana a duniya. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta maza suna kudu wajen neman abinci, idonta kuma ya tafi a hankali, da farko hazo-hazo, daga baya haske da duhu kawai take bambancewa. Matar ɗanta ce ke duba ta, ita ma mijin ya aiko ta shirya ta bi shi. In ta tafi, Yaya ita kaɗai za ta rage a gidan.

Tun muna da ƙarfinmu muke cewa in Allah ya kai mu tsufa za mu zauna katanga ɗaya, da 'yar ƙofa a tsakani, irin wadda mata ke hudawa don su shiga gidan juna ba sai sun yafa mayafi sun bi ta zaure ba. Ga shi kuwa bayan gidan Yaya akwai fili, mai shi yana neman mai saye.

Na je na gani da rani. Mu haka muke zaɓen fili, da rani, lokacin da an gama girbi, hanya ta bushe, magina sun samu sarari. Mutum ya tsaya ya duba ko laka na kusa don tubali, ya tambayi su wa zai yi maƙwabtaka da su, sannan ya leƙa rijiyar da ta fi kusa. Na leƙa ta gidan Yaya na ga fuskata a ciki kusa-kusa, kamar in miƙa hannu in taɓa.

Sai wanda ya san sana'ata zai gane abin da na ji. Gumi nake yi. In sayi shinkafa samfarera, wadda ba a cashe ba, in jiƙa, in turara ta a tukunya, in shanya, in kai inji. Sana'ar nan ruwa take ci kamar raƙumi. Rijiyarmu ta Gwandu kuwa, in ka saki guga sai ka gama gaisawa da maƙwabciya kafin ka ji ya faɗa. Tafin hannuna har yau kamar bayan akushi yake. Da na ga ruwan Kalgo yana kallona daga bakin rijiya, a raina na riga na gina gidan, na kafa murhu, har na shimfiɗa shanya.

Na kira ɗiyata in gaya mata. Ita ce ta fari, ba na faɗin sunanta, ko a nan ba zan rubuta ba. Ta yi karatun ƙasa da taswira a jami'a, tana aiki a Birnin Kebbi a wani ofis da ke duba inda ya dace a yanka filayen gidaje. Ni dai abin da na sani tana zama gaban kwamfuta, wani lokaci ta sa hular rana ta shiga daji da maza.

Ta ce, "Inna, kada ki biya sai na duba."

"Ki duba mi? Na duba."

"Da rani kika duba."

"To da damina ake sayen fili a garinku?"

Ta yi dariya ta ce in zo Birnin Kebbi ran Asabar, za ta dafa mini kifi. Ta san lagona.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da furfura a gaban goshi, lokacin ita tana sakandare. Ita ke duba mini aikin gida, tana danne dariya in na juya harafi ya kalli baya. Tun daga sannan na yi wa kaina doka, ba wanda zai karanta mini abin da ya shafe ni ina zaune kamar buhu. Don haka da ta buɗe kwamfutar bayan mun ci kifin, ta fara bayani da sauri, na ce ta dakata, ta juyo da abin gabana, ta ba ni tabarau.

Hoto ne na Kalgo daga sama, wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Da farko ban ga komai ba sai kamar tabarmar da kaji suka yi wa ɓarna. Ta nuna mini titin da ke zuwa Jega, ta nuna mini fadama, ta ce in nemo gidan Yaya da kaina. Na bi titi da yatsa, na sauka ta wajen masu inji, na karya kwana inda nake karyawa in na sauka mota. Sai ga darbejiyar ƙofar gidan kamar ƙullin kuka. Ta matso da hoton. Na ga rufin ɗakin Yaya, na ga bakin rijiya kamar ɗigon tawada, a tsakar gida kuma wani abu fari-fari mai kusurwa huɗu.

"Wanga fa?"

"Shanya ce, Inna. Ranar da aka ɗauki hoton sun shanya wani abu."

Na daɗe ina kallonsa. Ƙila gero ne, ƙila wanki. A gefensa akwai wani ɗan baƙin ɗigo, na ce Yaya ce zaune tana korar kaji. Ɗiyata ta ce ba za a iya ganin mutum ba a irin wannan hoton, turmi ne wataƙila. Na ce Yaya ce. Ba ta sake musu ba.

Daga nan ta shiga aikinta. Ta ce ba hoto ɗaya suke dubawa ba, shimfiɗa suke yi ɗaya kan ɗaya. Ta ɗora wata taswira mai nuna tudu da kwari, inda ƙasa ta tashi da inda ta faɗa, ko da ido ba ya gani. Ta ɗora wata mai nuna irin ƙasar, nan laka, nan jigawa, nan tsakuwa. Ta ɗora ta hanyoyin ruwa. Ta cire gonakin fadama, ta ce ba a gina gida kan abincin mutane. Ta cire maƙabarta. Ta cire burtalin da shanun Fulani ke bi zuwa mashaya, da faɗinsa duka. Sannan ta sa a duba nisan kowane wuri da titi da makaranta da asibiti. Kowace shimfiɗa ta ɗora sai wani yanki ya fita.

Na ce, "Ashe tankaɗe kuke yi."

Ta ce, "Tankaɗe ne, Inna. Abin da ya rage shi muke ba mutane."

Da ta gama, garin ya fito da launi uku. Kore inda ya dace, ruwan ɗorawa inda sai an yi dabara, ja inda ba a so a gina. A gefe an rubuta ma'anar kowane launi, na karanta da kaina, a hankali, ba ta taya ni ba. Sannan na koma na nemo darbejiyar. Gidan Yaya na bakin ruwan ɗorawa. Filina kuwa ja ne, ja wur, tun daga katangar Yaya har ƙarshensa.

Raina ya ɓaci. Na cire tabarau na ajiye.

"Kwamfutarki ta taɓa jan guga?"

"Ba ta taɓa ba."

"To ta san mi game da rijiya?"

"Inna, ruwan da kike gani kusa da rani, shi ne zai shigo miki ɗaki da damina. Ba wani ruwa daban ba ne."

Ta buɗe mini hotunan damina na shekaru daban-daban, ta jera su. A kowanne akwai wani baƙin layi da ya taso daga tudu, ya ratso bayan unguwar, ya faɗa fadama. A wasu siriri ne kamar zare, a wasu ya buɗe kamar zani. Ko wanne ka duba, ta tsakiyar filin nan yake bi. Ta ce tsohuwar hanyar ruwa ce, shi ya sa laka ta taru a wurin, shi ya sa rijiya ba zurfi. A da ruwan na da wuraren bazuwa, yanzu an gina gidaje a sama, an ɗaga titi, duk an matse shi ya koma nan. Abubuwan da suka sa na so wurin, in ji ta, su ne shaidar ruwa ke da shi.

Ta nuna mini wani kore a ɗaya gefen garin, kan tudu, inda aka yanka fulotai. Ƙasar tsakuwa ce, ga titi kusa. Na tambaye ta rijiya. Ta ce sai dai burtsatse. Na ce to ta je ta zauna can ita da tsakuwarta. Na ɗauki mayafina, ko sauran kifin da ta ƙulle mini ban karɓa ba.

Amma abin da ido ya karanta ba ya gogewa. Da na koma Kalgo na zaga bayan unguwar a ƙafa. Katangun da na wuce sau ba adadi, ranar na tsaya na dube su. Kowace tana da zane daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, inda launin ya sauya, da farin gishiri-gishiri yana cin gindinta. Wasu an yi musu sabon yaɓe daga ƙasa kawai. Wani gida an ɗaga dokin ƙofarsa har sai ka ɗaga zani kafin ka shiga. Na tambayi dillalin filin, ya ce ai ruwan ba ya kwana, wucewa yake yi. Na ce ta cikin ɗakin wa yake wucewa? Ya ce Hajiya kin cika faɗa.

Saura in gaya wa Yaya. A nan dabara ta ƙare mini, don ba ta ganin ja balle kore. Na same ta da hantsi a kan tabarma tana tsinkar zogale, hannunta na aiki kamar mai ido. Na ɗauko babban farantin da ake shanya barkono, na kwaɓa laka a bakin rijiya, na gina mata garin a ciki. Na tada gefe ɗaya ya zama tudu, na kwantar da ɗaya ya zama fadama, na ja kwari da yatsa a tsakani. Na dasa ƙwallon dabino a matsayin gidanta, na sa tsinken ashana a matsayin filin. Na kawo na ajiye a cinyarta.

"Mi ne wanga kuma? Tuwon ƙasa kika koma yi da tsuhwanki?"

"Kawo hannunki."

Na kama yatsunta na bi da su. Nan titi, nan tudu, nan gidanki, nan inda na so ginawa. Sannan na ɗauki buta na tsiyaya ruwa daga saman tudun a hankali. Ruwan ya gangaro ta kwarin, ya kwashe tsinken ashanar, ya taru ya kewaye ƙwallon dabinon har ya taɓa yatsanta. Ba ta janye hannun ba. Ta bar shi cikin ruwan har ya daina motsi.

Ta ce, "Ɗiyarki ta yi karatu mai yawa kafin ta gano wanga?"

"Ta yi."

"Da ta tambaye ni. Kowace damina kan gado nake sallah. Buhun hatsi kan turmi yake kwana. Kina zaton ban san ruwa na shigowa ba?"

"Kin sani kika bar ni in saya?"

"Na so ki zo kusa." Ta share hannunta a zani. "Ke ce mai taurin kai, na ce in ruwa ya gan ki ƙila ya ji tsoro."

Na ce to ga abin da za a yi, in sayi na tudu, in gina mana mu biyu, ta tattara ta biyo ni. Ta girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"Ba ni zuwa."

"Don mi?"

Ta lalubi kwanon zogalen ta ja shi gabanta, ba ta tsinka ba.

"A gidan nan ni ba makauniya ba ce," in ji ta. "In na tashi ƙafata ta san inda randa take. Hannuna ya san ƙofa. In na kama igiyar shanya ta kai ni bayan gida, ba na kiran kowa. Na san inda ƙasa ta ɗan faɗa kusa da murhu. Ki kai ni gidan siminti mai kyau, ranar zan makance. Sai dai a riƙa jana kamar akuya, har wurin tsuguno. Gara ruwa."

Ni da ba a rasa magana a bakina, na zauna da farantin laka ina kallon ƙafafunta, duk faso, yatsun a baje kamar suna sauraren ƙasa.

Da yamma na kira ɗiyata na ce mata jan filin zan saya. In ruwa ya zo ya same mu tare. Ta ce me ya faru, na gaya mata yadda muka yi da Yaya, ban rage komai ba. Ta ce, "Inna, ki ba ni zuwa Asabar." Na ce kullum ke sai Asabar.

Ta zo da tef ɗin awo da babbar takarda da wata 'yar na'ura mai nuna gabas da yamma. Ta durƙusa ta gaida Yaya.

"Inna Babba, gidanki na zo aunawa."

"Awo, an gaya mini. Kin ce bayan gidana ja ne. Yanzu kuma aunawa za ki yi ki sayar da ni a ciki?"

"Wa zai saye ki, Inna Babba? Ba ki cin tuwo sai da man shanu."

"Ji ɗiyar banza. Uwarki ce ta koya miki."

Ɗiyata ta ce abu ɗaya take roƙo, Yaya ta yi harkarta ta yini kamar ba kowa, ita za ta bi ta a baya. Haka aka yi. Yaya ta tashi daga gado, ɗiyata ta auna daga gado zuwa ƙofa. Ta ga inda Yaya ke dafawa a jikin ƙyauren, wurin har ya yi sulɓi, ta auna tsayinsa daga ƙasa. Ta auna dokin ƙofa. Ta auna daga ƙofa zuwa randa, daga randa zuwa murhu, daga murhu zuwa dakalin da take zama da hantsi. Ta auna tsayin igiyar shanya da inda aka ɗaure kowane bakinta. Ta duba ta ina rana ke faɗowa a tsakar gidan, don Yaya na jin ta a fuska ta san lokaci. Har 'yar faɗawar ƙasar nan ta kusa da murhu sai da ta kwanta ta auna zurfinta. Yaya na tafe tana tsokanarta, wani lokaci ta tsaya da gangan ɗiyar ta yi karo da bayanta.

Kafin la'asar takardar ta cika. Na karɓa na karanta. Taswirar gidan Yaya ce, da kowane abu a wurinsa, an ja jan layi siriri mai nuna inda ƙafarta ke bi. Layin bai miƙe ko sau ɗaya ba.

Ɗiyata ta zauna kusa da ita ta ce, "Inna Babba, a kan tudu za mu gina miki wannan gidan. Shi ɗin nan. Ƙofa ta kalli inda take kallo, randa inda take, komai."

Yaya ta juya fuska wajen muryarta. Ta lalubo kan ɗiyar ta shafa, ta gyara mata ɗankwali ko da bai karkace ba.

"Ku gina," in ji ta. "In ƙafata ta yarda, na zauna. In ba ta yarda ba, ku maido ni, kuma ba na son magiya."

Na sayi na tudun, daga cikin koren. Ɗiyata ta zaɓi wanda ke fuskantar yadda gidan Yaya ke fuskanta, ta zo da kanta ta kafa turaku ta ja igiya.

Wahalar da na sha da magini ba kaɗan ba ce. Ɗakin Yaya na asali a karkace yake, bango ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙofar gajera ce kuma ba a tsakiya take ba. Da ya ga turakun ya ce an yi kuskure, zai gyara. Na ce ba kuskure. Ya ce shi tun da ya fara aiki bai taɓa jera bulo a karkace da gangan ba.

"Hajiya, sunana zai ɓaci a garin nan."

"Sunanka ne zai kwana a ciki?"

"Mutane za su wuce su ce wane ne ya yi wannan."

"Ka ce musu wata mahaukaciya daga Gwandu ta sa ka. Za su yarda."

Kullum ina wurin da takardar a hannu da kujerata. In na juya baya sai ya ɗan miƙar da layi, in dawo in sa tef in ce a rushe. Ranar da na sa shi ya haƙa 'yar faɗawa a dandamalin da ya gama shafewa sumul, kusa da inda murhu zai zauna, sai da ya cire hula ya zauna a ƙasa. Daga baya da aka kawo Yaya ganin likita muka biya ta wurin, ya ga yadda take tafiya da hannu a gaba, bai sake yi mini gardama ba. Shi da kansa ya ce tsakuwar tsakar gidan za ta ruɗa mata ƙafa, a ɗebo yashi da ƙasar unguwarsu a shimfiɗa a kai.

Nawa ɗakin na sa shi inda ɗakin matar ɗan Yaya yake a tsohon gida, don muryata ta riƙa zuwa mata daga inda ta saba jin mutum. Ba mu yi katanga a tsakani ba, gida ɗaya ne.

Ba zan ce ban yi asara ba. Ruwa a tudu sai 'yan garuwa, ko a bi layin burtsatse. Gumin da nake yi ya koma rabi, manyan tukwanena biyu suna kife har yau. Jan filin kuwa wani ya saya, da ya ga damina ɗaya sai ya fasa gini ya shuka shinkafa. Tana yin kyau. A wurinsa nake sayen samfarera wani lokaci, kuma ba ya rage mini ko kaɗan.

Muka tashi kafin ruwan farko, mako guda da tafiyar matar ɗanta. Aka ciro tsohon ƙyauren aka kafa a sabon ɗaki, aka kawo randa da turmi da gado da igiyar shanyar, ita ɗin dai, ba sabuwa ba. Ɗiyata ta bi kowanne da tef. Sannan aka kawo Yaya a mota, na kai ta bakin gado na zaunar da ita, na saki hannunta. Muka koma gefe muna kallo, har magini da ya zo karɓar kayan aikinsa.

Ta zauna jim. Ta tashi. Ta miƙa hannu ya sauka kan sulɓin ƙyauren. Ta ɗaga ƙafa daidai dokin ƙofa, ta fito, ta karkata hagu, ta sunkuya, hannunta ya sami murfin randa. Ta ɗebi ruwa ta kurɓa.

"Ruwanku ba daɗi," in ji ta.

Ɗiyata ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Na ce mata in kuka za ta yi ta fita waje, kada ta jiƙa mana sabon gini.

Abu ɗaya ba mu auna ba, kuma ba wanda ya tuna da shi. A tsohon gida masallaci na hannun dama in ka fito ɗaki. A tudu yana hagu. Da asubar farko ladan ya kira, Yaya ta fito alwala, ƙafarta ta ce nan, kunnenta ya ce can. Ta bi kunnen. Na ji ƙarar goshinta a bango daga ɗakina. Na same ta tsaye tana juyawa a wuri ɗaya, hannu biyu a miƙe, tana kiran sunan matar ɗanta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Yaya ba sai ranar.

Na kama ta na zaunar, na sa mata tsumma mai sanyi a goshi. Ta ce, "Ki maida ni." Na ce to. Mun yi alkawari ba magiya, ban yi ba. Na ce mai mota sai ranar kasuwa, ta ce ta ji.

Kwanakin da suka biyo ba ta yi mini magana sosai ba. Da asuba nakan farka kafin ladan, in kwanta shiru ina saurare, ban fita ba don na san in na kama hannunta shi ke nan. Ina jin ta tana tsayawa a bakin ƙofa har ya gama kira, sannan ta taka. Wata asubar ta taka tun yana tsakiyar kira, na ji murfin randa ya motsa. Na ja zani na rufe fuskata.

Ranar kasuwa ta zo, mai mota ya yi oda a ƙofar gida. Na shiga na same ta a dakali tana shan hantsi, ba ta ɗaure ko tsinke ba.

"Ga mota," na ce.

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ki shiga ki tahi ke kaɗai. A tsohon ɗakina, cikin rufi ta wajen gabas, akwai ƙulli cikin leda na soke. Ki ɗauko mini. Kada ki ba kowa ya riƙe."

Na san abin da ke ciki. Farin yadi ne da turare da ta tanada tun rasuwar mijinta, na ranar da za a yi mata wanka na ƙarshe. Da muka kwashe kaya ba ta ambace shi ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na je na same shi inda ta ce. Ban sa shi a bayan mota ba, a cinyata na riƙo shi har gida. Ta karɓa ta kwance bakin ledar, ta shinshina, ta shafa yadin ta tabbatar gara ba ta taɓa ba. Ta tashi ba jagora ta shiga ɗaki, na ji ta ja akwatin ƙarƙashin gado ta sa shi a ciki ta rufe. Ta fito tana karkaɗe hannu ta koma dakalinta.

"Wanga ladanin naku muryarsa kamar ta ɗan maraƙi," in ji ta. "Amma ba ya makara. Akwai sauran fura, ko kin shanye?"

Na ce akwai. Na tashi na ɗauko ludayi.